Yadda ake taya kaya da sallama su a tallace-tallacen intanet

Duk wanda ya taɓa sayen waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ko a Banex Plaza da ke Wuse a Abuja, ya san cewa ciniki ba ya farawa sai kaya sun shiga hannu. Za ka juya wayar, ka kunna ta, ka dubi fuskar mai shago, sannan ka taya. Idan ya ce albarka ka ƙara, idan ya sallama ka biya, gobe kuma in ta ba ka matsala ka san rumfar da za ka koma. A shafukan talla na intanet kuwa, irin su Jiji da Facebook Marketplace da zaurukan saye da sayarwa na WhatsApp, kuɗin ake fara faɗa, kayan suna can wata unguwa ko wani gari, abin da ke gabanka hoto ne da lambar waya. Shafin Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014 kuma ya saye harkokin OLX na Najeriya a 2019, allo ne da kowa ke liƙa tallarsa a kai. Ba shi ne mai kayan ba, kuma ba dillali ba ne da zai tsaya maka idan ciniki ya ɓaci.

Saboda haka abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, cinikin intanet sau biyu ake yin sa. Na farko a saƙo da kiran waya, inda ake daidaita farashi bisa sharaɗi. Na biyu a gaban kayan, inda ake tabbatar da shi ko a warware. Mafi yawan asarar da na gani ta samo asali ne daga mutumin da ya ɗauki na farko a matsayin na ƙarshe, ya yi cinikin biri a sama.

Mataki na farko: sanin farashi kafin ka yi wa kowa magana

Kuɗin da ke rubuce a kan talla kuɗin da mai kaya yake fata ne, ba kuɗin da ake sayar da kayan ba. Wannan bambanci shi ne tushen komai. Idan waya kake nema, ka buɗe tallace-tallace kamar goma na irin wayar daidai, wato samfuri ɗaya, girman ma'aji ɗaya, yanayi ɗaya, ka rubuta farashinsu a takarda. Ka ajiye mafi tsada guda biyu da mafi araha guda biyu a gefe, domin na saman yawanci masu gwada sa'a ne, na ƙasan kuma sau da yawa akwai aibi a cikinsu ko kuma tarko ne. Abin da ya rage a tsakiya shi ne farashin da ake faɗa. Daga nan sai ka kira wani da ka sani a kasuwa, ko ka leƙa shaguna biyu da ƙafarka, ka tambayi abu biyu: nawa suke sayar da irinta, kuma nawa za su saya idan aka kawo musu. Tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu cinikinka zai faɗa, domin mai kaya ba zai sayar maka ƙasa da abin da ɗan kasuwa zai ba shi nan take ba, kai kuma babu dalilin da zai sa ka biya baƙo abin da za ka biya mai shago da ke da rumfa da rasit.

Ka duba ranar da aka sa kowace talla. Tun da aka bar naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin kayan da ake shigowa da su daga waje, kamar wayoyi da kwamfutoci da motoci, yana bin dala, kuma tallar da ta kwana wata huɗu tana iya nuna farashin da ya riga ya wuce. Haka nan ka fahimci kalmomin da masu talla ke amfani da su. Sabuwa a kwali daban, wadda ake kira 'yar Landan, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, daban, wadda aka riƙe a nan gida kuma daban, kowacce da kuɗinta. A mota ma haka ne tsakanin 'yar Beljiyam da wadda ta sha hanyoyinmu. Kwatanta farashin ɗaya da na ɗayar yana sa mutum ya yi tayin da za a yi masa dariya.

Kafin ka rufe takardar, ka rubuta lambobi uku: abin da za ka fara tayawa, abin da kake fatan ciniki ya faɗa a kai, da iyakar da ba za ka wuce ba ko da an roƙe ka. A cikin iyakar nan ka lissafa kuɗin mota zuwa wurin kayan, da caja ko gyaran da ka san za ka yi, da la'ada idan akwai dillali. Mutumin da bai rubuta iyakarsa ba yakan gano ta ne bayan ya wuce ta.

Mataki na biyu: karanta tallar da mai tallar

Ba kowa ake taya wa iri ɗaya ba. Idan ka buɗe shafin mai tallar ka ga yana da kaya talatin iri ɗaya, ɗan kasuwa ne: ya san farashi fiye da kai, ribarsa ƙayyadajjiya ce, ba zai sauko sosai ba, amma zai iya ƙara maka caja ko ya ba ka kwana uku na gwaji. Idan kuwa abu ɗaya ko biyu gare shi, an ɗauki hoton a kan tabarmar falo, mai yiwuwa mutum ne da wata buƙata ta taso masa, ko kuɗin makaranta, ko tashi daga gida, ko sha'awar canza sabuwa. Irin wannan abin da ya fi so shi ne a gama yau. Na uku shi ne wanda ya ɗauko hoton kayan wani ya ɗora nasa kuɗin a kai. Shi ma sana'a yake yi, kuma babu laifi a dillanci, amma ya kamata ka sani tun da wuri, domin duk ragin da ya yi maka sai ya koma ya tambayi mai kayan, kuma la'adarsa daga aljihunka za ta fito. Tambaya ɗaya ta isa: "Kayan naka ne, ko na wani ne a hannunka?"

Tallar da farashinta ya faɗi ƙasa da na sauran da kusan rabi ba sa'a ba ce. Idan aka haɗa araha irin wannan da labarin cewa mai kayan yana bakin aiki a wani gari mai nisa, ba zai iya haɗuwa da kai ba, amma zai aiko idan ka tura kuɗin mota, to babu abin tayawa a wurin, ka wuce.

Mataki na uku: saƙon farko

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya aika kalma biyu, "Nawa ƙarshe?", ba sallama, ba tambaya a kan kayan. Mai kaya yana samun irin wannan saƙo da yawa a rana, kuma ya koyi cewa masu aiko shi ba sa zuwa. Bugu da ƙari, idan ya faɗi kuɗin ƙarshe tun kafin ka san aibin kayan, ka ɗaure kanka, domin duk ragin da ka nema daga baya zai ce ai ya riga ya faɗa maka ƙarshe.

Ga irin saƙon da ke buɗe ƙofa: "Assalamu alaikum, Malam, barka da yamma. Na ga tallar wayarka, tana nan har yanzu? Ina so in sani ko an taɓa buɗe ta ko an canza mata gilashi, wata nawa ta yi a hannunka, kuma ko akwai kwali da rasit. Ina Kano, idan mun daidaita zan iya zuwa gobe in sha Allah." Saƙon nan bai ambaci kuɗi ba, amma ya gaya wa mai kaya cewa kai mai saye ne na gaske, kana kusa, kuma ka san abin da kake nema. Idan mace ce mai tallar, ka kira ta Hajiya ko Malama, ka tsaya a kan maganar kaya. Mata da yawa suna sayar da atamfa da kayan ɗaki da kayan kicin ta wannan hanya, kuma abin da ke sa su rufe magana da mai saye shi ne surutun da ba na ciniki ba.

Idan ya amsa, ka nemi ɗan gajeren bidiyo da aka ɗauka a ranar, wayar tana kunne, an nuna gefunanta da bayanta. Wanda kayan ke hannunsa minti biyu zai ɗauke shi. Wanda hoton kawai yake da shi zai fara kawo uzuri. Bayan haka ka kira shi. Murya tana faɗin abin da rubutu ke ɓoyewa, kuma a cikin hira ne za ka iya tambayar dalilin sayarwa ba tare da ya ji kamar tuhuma ba ce. Duk abin da ya faɗa a kan lafiyar kayan, ka maimaita shi a rubuce bayan kiran: "Kamar yadda ka ce, ba a taɓa buɗe ta ba, batirin kuma yana wuni." Wannan rubutu shi ne abin da za ka riƙe a ciniki na biyu.

Mataki na huɗu: tayi

A nan ne al'adar kasuwa ke yaudarar mutane. A wasu kasuwanninmu, inda mai kaya ke faɗin kuɗi ya ninka, raba shi biyu ba abin kunya ba ne. A intanet kuwa mai talla ya san masu saye suna ganin farashin maƙwabtansa a shafi ɗaya, don haka abin da ya ɗora a sama ba shi da yawa, kuma tayin rabi tayin wulaƙanci ne da ke sa a daina amsa maka. A ganina, tayin farko mai mutunci shi ne wanda ya gaza farashin tsakiya da ka samo da kamar kashi goma sha biyar zuwa ashirin cikin ɗari, kuma ya zo da dalili.

Mu ɗauki misali. An sa waya a kan naira 250,000, bincikenka ya nuna irinta tana tafiya a wajen 225,000, iyakarka kuma 230,000. Sai ka ce: "Malam, na duba irinta guda da yawa, kuma taka babu caja babu rasit, caja mai kyau kuwa sai na saya. Na taya 190,000, kuɗi a hannu, gobe." Daga nan sai ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, musamman idan ka ga alamar ya karanta bai amsa ba, amma wanda ya aika saƙo na biyu yana cewa "ko 200,000" kafin a ba shi amsa ya taya kansa da kansa, ya kuma nuna cewa akwai sauran kuɗi a aljihunsa. Ka bar shi ya ce albarka, ya faɗi nasa.

Idan ya sauko 240,000, ka hau 205,000. Idan ya ce 235,000, ka ce 215,000, idan ya sake saukowa ka ce 220,000. Ka lura da yadda ƙarin ke raguwa, daga dubu goma sha biyar zuwa goma zuwa biyar: wannan yana gaya masa, ba tare da ka furta ba, cewa ka kusa bango. Wanda ya ƙara dubu biyar sannan ya ƙara dubu ashirin ya koya wa mai kaya cewa haƙuri yana biya. Haka kuma kada ka ƙara komai sai shi ma ya sauko. Idan an zo kusa, shi yana 230,000 kai kana 220,000, ana iya raba ta tsakiya, amma ka bari shi ya kawo shawarar, ko kuma ka tabbata tsakiyar tana cikin iyakarka kafin ka kawo ta.

Ba kuɗi kaɗai ake cinikinsa ba. Idan ya kafe a kan farashi, ka nemi gyara ta wata fuska: ya haɗa da caja, ya kawo kayan unguwarku da kuɗin motarsa, ko ya yarda ka dawo da su cikin kwana biyu idan wani aibi ya bayyana. Mutane da yawa sun fi iya ba da abu a kan su rage lambar da suka riga suka furta, domin lambar ta zama maganar mutunci.

Za ka ji an ce, "Akwai wanda ya taya 240,000, yana zuwa da yamma." Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma dabara ce ta sa ka gaggawa. Amsarka ɗaya ce a kowane hali: "To Allah ya sa albarka, idan bai zo ba tayina yana nan har gobe." Idan gaskiya ne kuma sun riga sun daidaita, bai dace ka shiga ka ɗora a kan cinikin ɗan'uwanka ba, domin Manzon Allah (SAW) ya hana hakan, idan kuma ƙarya ce, za ka ga kiransa kafin magariba. Ƙarfin mai saye duka yana cikin iya haƙura da kayan, shi ya sa nake ba da shawarar mutum ya riƙa magana da masu talla biyu ko uku a lokaci guda, amma kada ya ce wa kowannensu ya saya sai wanda zai je wurinsa da gaske.

Idan an daidaita, ka rufe da sharaɗi a rubuce: "Mun tsaya a 225,000 idan na same ta kamar yadda ka faɗa." Jimlar nan ita ce gadar da ke tsakanin cinikin biyu.

Mataki na biyar: ganin kaya

Ku haɗu da rana, a wurin da jama'a suke, kuma ka tafi da wani. Idan waya ce, babu wurin da ya fi kasuwar waya, domin da ɗan kuɗi kaɗan mai gyara zai duba maka ita a gaban mai ita. Idan mota ce ka tafi da bakanikenka, ba wanda mai motar ya kawo ba, ku gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke cikin takardu, ku ga takardun kwastan, ku kuma tayar da injin yana sanyi.

A kan waya zan ɗan tsaya, domin ita aka fi saye ta wannan hanya. Ka danna *#06# lambar IMEI za ta fito, wato lambar shaida da kowace waya ke da tata. Ka gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. Ka sa layinka ka yi kira, ka gwada lasifika da makirufo da kyamarar gaba da ta baya, ka jona caja ka ga tana ɗauka, ka shafa kowane lungu na gilashin. Idan iPhone ce, ka duba lafiyar batiri a cikin saituna. Idan ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, canjin batiri yana gabanka, kuma kuɗinsa abin cirewa ne daga farashi. Mafi muhimmanci, mai wayar ya fita daga asusunsa na iCloud, ko na Google idan Android ce, a gabanka, sannan a goge duk abin da ke cikin wayar a sake kunna ta kana kallo. Wanda ya ce ya manta lambar sirri, ko ya ce ta ƙaninsa ce zai turo maka daga baya, ka mayar masa da wayarsa. Wayar da ke kulle da asusun wani ba ta da amfani, kuma idan ta sata ce, ana bin sawunta ta lambar IMEI, wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara amsa tambayoyi, karɓar kayan sata kuwa laifi ne a doka. Babu ragin da ya kai wannan wahala.

Ciniki na biyu yana da ƙa'ida, kuma ina ganin mutunci ya rataya a kanta: ana sake taɓa farashi ne kawai a kan abin da ba a faɗa ba. Na taɓa zuwa ganin wata waya da mai ita ya rubuta mini cewa ba a taɓa buɗe ta ba. Da mai gyara ya karkata ta a hasken rana, sai ga ɗan layin gam a gefen gilashin, farin allon kuma ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Ban ɗaga murya ba, na buɗe saƙonsa na nuna masa, na tambayi mai gyara kuɗin gilashi na asali a gabansa, muka cire wani abu daga ciki, muka rabu lafiya. Ya ce shi ma haka ya saye ta, kuma na yarda da shi. Amma mutumin da ya sami kaya daidai yadda aka faɗa masa, sannan ya ce "dubu ɗari biyu kawai na zo da su" don ya san mai kayan ya riga ya kashe kuɗin mota, wannan bai iya ciniki ba, saɓa alkawari ya yi.

Mataki na shida: biyan kuɗi

Kuɗi ba sa barin hannunka sai kaya sun shiga hannunka. Idan tiransifa za ka yi, ka duba cewa sunan da ya fito a asusun shi ne sunan mutumin da ke gabanka, kuma ka rubuta abin da ka saya a wurin bayani. Ga kaya masu tsada, ku rubuta 'yar takarda: sunan mai sayarwa, lambar wayarsa, lambar IMEI ko ta shasi, kuɗin da aka biya, kwanan wata, da sa hannun shaida. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan.

Kafin alƙalami ba a ba da shi a kan hoto. Idan ka ga kaya da idonka, kuɗinka bai cika ba, kana so a ajiye maka, to ka ba da kaɗan, ku kuma rubuta ranar cikawa da abin da zai faru da kuɗin idan ka fasa, domin a nan rigima ta fi tashi. Idan kayan suna wani gari, mafita ita ce ka wakilta wani da ka yarda da shi ya je ya gani, ya biya, ya kai tasha da kansa ya karɓo lambar direba. Idan ba ka da kowa a garin, ka nemi kayan a garinku ko da sun fi tsada kaɗan.

Idan kai ne mai sayarwa

Binciken farashi iri ɗaya ne, sai dai a juye. Ka san abin da ɗan kasuwa zai ba ka nan take, wannan shi ne ƙasanka. Ka sa tallar sama da abin da kake so da kamar kashi goma cikin ɗari, domin mai saye yana son ya ji ya sami ragi, amma idan ka ɗora da yawa ba wanda zai kira ka ma balle ya taya. Ka wanke kayan, ka ɗauki hoto da hasken rana ta kowane gefe, har da wurin da ya sami tabo.

Faɗin aibi wajibi ne a addini, kuma hadisin da ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu sananne ne ga kowa. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, faɗinsa ƙarfi ne a ciniki. Idan ka rubuta cewa firjin yana sanyi sosai amma robar ƙofarsa ta saki, kuma ka sa farashi da sanin haka, mai saye ba zai zo ya gano robar ya nemi ya zabge dubu talatin a kanta ba. Za ka ce masa ai tana cikin tallar. Aibin da ka ɓoye kuwa, shi zai yanke masa kuɗi, kuma zai fara zargin sauran abin da ka faɗa.

Wanda ya aiko "Nawa ƙarshe?" kada ka ba shi ƙasanka. Ka ce: "Farashin yana kan tallar, Alhaji, amma akwai ɗan sassauci ga wanda ya zo ya gani. Nawa ka taya?" Wanda ya yi tayin wulaƙanci kuma kada ka zage shi, albarka ta isa, tare da faɗin inda za ka iya saukowa, sau da yawa irinsu gwaji suke yi, kuma wasunsu suna dawowa da tayi na hankali. Ka riƙa saukowa kaɗan-kaɗan, kowane ragi kuma ka ɗaura shi da wani abu: zan bar maka a kaza idan yau za ka ɗauka, ko idan kai za ka biya mai kurar da zai kai. Kada ka faɗi matsuwarka. Idan mai saye ya ji cewa jibi za ka tashi daga gidan, zai jira jibi. Kuma kada ka ƙirƙiri mai tayin da babu shi don ka ɗaga farashi. Wannan yaudara ce da shari'a ta hana, kuma idan mai saye ya ce to a sayar wa wancan, ba ka da hanyar dawowa sai da kunya. Idan mako guda ya wuce babu kira mai ma'ana, kasuwa ta ba ka amsa: ka rage farashin, ka sabunta hotunan.

Wajen karɓar kuɗi ne mai sayarwa ya fi shiga haɗari. Saƙon alat da ya shigo wayarka ba hujja ba ne, hoton rasit da aka nuna maka ma ba hujja ba ne, domin duka biyun ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka, ko ta OPay ko Moniepoint idan ita kake amfani da ita, ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke cikin asusunka. Idan ya ce ya tura, matsalar sabis ce, ka ce babu komai, ku zauna ku jira tare, ko ya je mai POS ya ciro. Kayan suna nan har kuɗin su shigo. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin, yana so ka mayar masa da ragowar, kada ka mayar da ko sisi sai ka ga kuɗin a asusunka kuma ka tuntuɓi bankinka. Wanda kuma ya ce za a turo maka wata lamba ta saƙo, ka karanto masa don ya tabbatar kai ne mai tallar, so yake ya ƙwace WhatsApp ɗinka ko ya shiga asusunka. Mai saye ba ya buƙatar komai daga gare ka sai lambar asusu da sunan banki.

Idan kayan manya ne, dole sai an zo gida, ka fitar da su zaure ko ƙofar gida, ka jona firjin tun awa biyu kafin mai saye ya iso domin ya sa hannu ya ji sanyin da kansa, kuma a sami wani babba tare da kai. Idan ka sallama wa mutum a kan cewa zai zo da la'asar, sai wani ya kira da azahar ya ƙara dubu goma, ka gaya wa na biyun cewa an riga an yi ciniki, amma za ka neme shi idan na farkon bai zo ba zuwa lokacin da kuka sa. Da zarar kuɗi sun shigo, kaya sun fita, ka sauke tallar daga shafin, ka kuma aika wa sauran waɗanda suka taya saƙo cewa an sayar, domin kada wani ya taso daga Zariya ko Wudil ya kashe kuɗin mota a kan kayan da ba su nan.